Yadda Na Bi Bature Neman Dangin Sandal

Tun ranar da na dawo 'Yankuzo ban huta da tambaya ba. In na je masallaci a tare ni a bakin ƙofa, in na shiga kasuwar Tsafe a ja ni rumfa, kowa so yake ya ji yadda na bi Bature har Bungudu na dawo da kaina a wuyana. Na yi ta ba da labarin gutsure-gutsure har ya soma sāke kama a bakin mutane. Jiya ma na ji wani yana rantsuwa wai aljani ne ya sure ni daga kan tsamiya ya dire ni a Gusau. To ga shi daga tushe, yadda ya faru, wanda ya ji sai ya ƙyale ni in ji da gonata.

Sunana Mamman. Noma nake yi kamar kowa, amma abin da aka fi sanina da shi ɗaura amya da ɗiban zuma, don babu itacen da ya gagare ni hawa a dajinmu. Wannan hawan ne ya jawo mini abin da ya jawo.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ina maimai a gona sai na ga dogari tsaye a kan kunya. Lokacin nan ana yaƙin Ingilishi da Jamus, ana kwasar samari su yi alaro, wato dakon kaya, zuwa Kamaru, kuma cikin waɗanda aka ɗiba daga wajenmu ba mu ga wanda ya dawo ba tukuna.

Ya ce, "Kai ne Mamman mai amya?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Aje hauya. Nasara na biɗarka a Tsafe."

Da muka biyo ta gida, Inna ta faɗi ta kama ƙafar dogari tana cewa, "Ɗana guda ne, ku dubi Allah ku bar min shi." Ya ce shi aike ne, bai san komai ba. Matata Ladi ta ƙulle mini gumba a tsumma.

A barikin Tsafe na fara ganin Bature ido da ido. Dogo ne, siriri, wuyansa ja wur kamar an yi masa ƙuna. Aikinsa duba dazuzzuka, 'yan alaronsa suna kiransa Mai Ganye. Tare da shi akwai tafinta, Malam Isa, Banufe mai Hausar Kano, da kuma Tanko, shugaban 'yan alaro, wani ƙato mai yawan gunaguni. Na durƙusa ina jiran a ce mini Kamaru. Sai Bature ya buɗe wani ɗan gwangwani ya fito da guntun itace kamar yatsa, ya ɗiga ruwa a kan dutse ya goga, ya miƙo mini. Na ɗauka magani ne na ɗauke hankali, na riƙe numfashi. Malam Isa ya daka mini tsawa, na shaƙa. Ƙamshi ne da na sani, irin wanda ke tashi daga rigar alhazai da turaren wutar amare.

Malam Isa ya ce, "Sandal ke nan, a ƙasar Hindu yake tsirowa. Bature ya ce itacen nan yana da dangi a ƙasarku, su ya zo nema."

Na ce, "Malam, itace na da dangi?"

Ya ce, "Ka ji abin da aka faɗa maka. Alamarsu ɗaya, ba sa ci da guminsu kaɗai. Sai sun laƙe a jikin wani, ko a reshe ko a saiwa, suna tsotsa."

Na ce, "Ai wanga kauci ne."

Da aka juya masa maganata, Bature ya tafa hannu ya nuna wata kaɗanya a bayan bariki. Na hau na yanko masa kauci da jajayen furanninsa. Ya shimfiɗa shi a tsakanin takardu masu kauri, ya danne da alluna biyu ya ɗaure tamau da igiyar fata, ya sa a akwati. Na yi hamdala, na ce aiki ya ƙare. Malam Isa ya yi dariya ya ce yanzu aka soma, gobe sai Kwatarkwashi. Ban yarda da shi ba. Na ce a raina haka ake yi wa rago, a nuna masa dusa har a kai shi mahauta.

A hanya na yi ta kallon halin mutumin nan. Ba ya gaisuwa sai ɗaga yatsa. Ruwan da zai sha sai an tafasa, a bar shi ya huce, in ka tambaye ni wahalar banza. Abinci kuwa a kan tebur yake ci, da ƙarfe a kowane hannu, shi kaɗai, ba ya ko ce wa na kusa bismilla. A wurinmu mutum biyu ne ke ci su kaɗai, sarki da kuturu, shi kuwa na rasa inda zan ajiye shi. Amma in ya ga ciyawa sai ya tsuguna a cikin laka kamar mai roƙon gafara, ya ciro ɗan madubi mai ƙara girman abu ya manna a ido.

Ƙauyen farko da muka shiga babu kowa. Kaji na yawo, tukunya na tafasa a murhu, turmi da taɓarya a yashe da hatsi a ciki. Labarinmu ya riga mu, duk sun faɗa cikin dawa. Wani tsoho makaho kaɗai muka tarar a zaure.

Ya ce, "Yaƙi ne ko haraji? An ce yanzu har itatuwa za a ƙirga."

Tanko ya ce, "Ganye muke biɗa, Baba."

Tsoho ya ce, "To Allah ya kawo mu zamani. Ku sauke tukunyar can kada ta ƙone, ku ci, wake ne."

Muka ci wake ba gishiri ba mai, muna jin tarin jarirai daga cikin dawa, ana toshe musu baki. Wannan ya fi komai karya mini zuciya, don na gane yanzu ni ma ina cikin waɗanda ake gudu.

A bayan ƙauyen nan Bature ya tsaya a gindin wata tsada. Ita dai tsada tun muna yara muke shan 'ya'yanta muna yamutse fuska don tsami, ban taɓa zarginta da komai ba. Ya sa muka tona gindinta da hannu, a hankali, muna bin wata siririyar saiwa. Muka bi ta har ta kai ga saiwar wata sabara da ke gefe. Nan muka tarar ta manne da ita, ta yi ɗan ƙululu kamar kaska a kunnen sa. Ya yanka wurin ya nuna mana yadda ta huda ta shiga.

Ranar ya yi magana mai tsawo, Malam Isa yana juyawa. Ya ce malamansu sun raba tsirrai gida-gida, kamar yadda ake jan asalin mutane. Ba tsawo ake dubawa ba, ba kuma ganye ba, fure ake buɗewa a ga yadda cikinsa yake, sannan a dubi 'ya'ya. Sandal gidansa daban, kauci gidansa daban, tsada ma nata daban, amma kakansu ɗaya, kamar 'ya'yan wa da na ƙane. Ya ce har yanzu malaman suna gardama a kan inda katangar kowane gida ta tsaya, wasu na cewa akwai kaucin da ya kamata a mayar da shi gidan sandal. Ya tambaye ni yadda muke rarrabe kauci. Na ce da itacen da ya hau, akwai kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya, kowanne da maganin da yake yi. Ya ce wato muna kiran baƙo da sunan mai masaukinsa. Shi a wurinsa na kaɗanya da na ɗorawa suna iya zama iri ɗaya, biyu kuma a kan itace guda su zama bare da juna. Abin da ya rage masa, ya ce, shi ne ɗan cikin gidan sandal na ainihi, wanda aka ce yana ƙasar Hausa amma bai taɓa ganinsa ɗanye ba.

Da muka koma hanya Tanko ya matso kusa da ni ya ce, "Ka ji ko? Mayun itatuwa yake tarawa. Mutumin da ke tara mayu cikin akwati, mi zai yi da su?" Daga ranar 'yan alaro suka sa wa akwatin suna makara, sai an yi faɗa kafin a sami mai ɗauka.

A wani rafi ƙasar Tsafe ta ƙare. Wani dogarin yana jira a tsallake, namu, wanda ya ɗauko ni daga gona, ya miƙa mu gare shi ɗaya bayan ɗaya kamar shanun jangali, ya juya. Na bi shi da gudu na ce mu koma tare, ai hurumina ya ƙare. Ya ce, "Ni anka ce in kawo ka, ba a ce in mai da ka ba." Na tsaya ina kallon jar rigarsa har ta ɓace a cikin gero. Shi ne mutum na ƙarshe da ya san gidanmu.

Dutsen Kwatarkwashi kuwa tun daga nesa yake danne mutum, baƙi ƙirin, manyan tsuntsaye na shawagi a kansa. Aka sauke mu a wata unguwar Maguzawa da ke gindinsa. Tun ina yaro ake tsorata mu da su, amma gaskiya ban ga mutanen da suka fi su karɓar baƙo ba. Matansu ke fita gona da hauya a kafaɗa, su yi magana da namiji ido cikin ido, karnuka na kwance har cikin ɗaki. Sun san ba ma cin yankansu, suka aika aka kira wani Musulmi ya yanka mana akuya, suka kawar da tulunan giya daga inda za mu yi salla. Tuwon dawarsu ya fi namu tauri, malmala ɗaya ta ishi mutum wuni, miyar kuwa yakuwa ce da daddawa mai yawa.

Da hantsi Bature ya zagaya gindin dutsen, muna biye. Sai muka iske wata tsohuwar tsamiya, an ɗaura mata farin ƙyalle, gindinta baƙi da busasshen jini da gashin kaji. Can ƙololuwarta akwai kauci, amma furensa rawaya ne, ba ja ba. Bature ya ɗaga kai, ya nuna, ya dube ni.

Wani tsoho mai gashin baki fari fat, wanda shi ke kula da wurin, ya taso ya ce, "Ba a hawanta. Ko busasshen reshe ya faɗo ba mu ɗauka. Tana da masu ita."

Malam Isa ya juya wa Bature, amma na lura maganar tsoho doguwa ce, tasa kuwa gajera. Ko tsoro ya hana shi faɗa duka, ko ya faɗa ba a ji ba, Allah ne masani. Bature ya sāke nunawa. Malam Isa ya ce mini a hankali, "Ka hau. In ka ƙi, ni da kai duka za a rubuta."

Na dubi tsoho, na dubi Bature. Ga wuta ga ruwa. Mutanen unguwa sun ja da baya, mata sun kama 'ya'yansu sun rufe musu ido. Na tuɓe riga, na yi bismilla, na kama. Ina hawa ina karanta Ayatul Kursiyyu, in na kai tsakiya sai ta ɓace mini in koma farko. Ban taɓa jin shiru irin na cikin tsamiyar nan ba, ko tsuntsu babu. Ina dab da kaucin wani abu mai sanyi ya bi ta bayan hannuna. Na ƙame, ban duba ba, har na ji ya gama wucewa. Na yanko kaucin, na riƙe shi a haƙori, na sauko ƙirjina duk ya saɓule ban ma sani ba.

Ina dira na tsaya ina jiran in faɗi matacce. Tsohon ya zo ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ba fushi a fuskarsa, sai ma kamar tausayi. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, yaro. Ba kai ka aiki kanka ba. Wanda ya aike ka shi za a tambaya." Ni Musulmi ne, na san babu mai yi sai Allah. Amma na so a ce zagina ya yi.

Kafin mu isa Gusau Bature ya daina tsugunawa a kan ciyawa. Ya hau dokinsa ya yi gum, abincin da aka kai masa ya dawo yadda aka kai. Tanko ya harare ni ya tofar da yawu.

Gusau gari ne sosai, ban taɓa ganin taron jama'a irin na kasuwarta ba. Ga Yarbawa da atamfofi, ga Buzaye da kanwa fuskarsu a rufe mata kuwa a buɗe, abin da ya juye mini lissafi. Mu aka sauke mu a zauren wani fatoma mai saukar baƙi, mu da wasu fatake masu jakuna, kuɗin cizo suka yi walima da mu. Furarsu da kauri, suna zuba mata yaji har ta sa hawaye. A gida in baƙo ya sauka sai an tambayi uwarsa da ubansa, a nan kuwa babu wanda ya ko tambayi sunana.

Washegari Bature ya dage sai an kai shi layin masu magani. Da ya cire hular kwanonsa ya share gumi na ga idanunsa sun yi rawaya kamar an ɗiga musu ruwan ɗorawa. Yana cikin dube-dube sai ya tsaya a kan wani ɗan ƙunshi na busasshiyar ciyawa, siraran tsinke ba ganyen kirki. Ya sa madubinsa ya duba. Mai magani ya ce sunanta huntu, don ba ta da sutura, daga duwatsun Bungudu ake kawo masa. Bature ya ce ita ce yake nema, amma busasshiya ba ta yi masa, sai ya gan ta da fure da saiwa. Malam Isa ya roƙe shi ya kwanta a Gusau har ya ji sauƙi. Ya ƙi. Aka haɗa masa gadon ɗauka da gora da gwado, mutum huɗu suka saɓa.

Kafin Bungudu sai an haye gulbi, ga shi ya cika ya batse, ja jawur, yana tafe da itatuwa. Babu jirgi, sai manyan ƙorai irin na masu fito. Ka kife cikinka a kai, mai fito ya riƙe hannuwanka ta ɗaya gefen yana tura ruwa da ƙafa. Ni da nake hawan rimi ban iya iyo ko na kare ba. Na rufe ido na yi kalmar shahada, mai fito yana cewa, "Sake jikinka, malam, kana nutsar da mu!" Na buɗe ido a tsakiyar ruwa daidai lokacin da wani kututture ya bugi ƙwaryar Bature. Ya kife. Masu fito biyu suka nutsa suka fito da shi a can ƙasa, ya sha ruwa, yana amai. Kalmar da ta fara fita daga bakinsa tambayar akwati ce. Akwatin ko ɗigo bai taɓa shi ba. Tanko ya ce, "Kun gani? Mayu ba su nutsewa."

A barikin Bungudu ya kwanta bai ƙara tashi ba. Jikinsa zafi kamar garwashi, yana surutai da harshensu, ba ya gane kowa. Malam Isa yana ɗura masa farin maganinsa mai ɗaci, rabi ya shiga rabi ya dawo. Hakimin garin ya zo da kansa ya leƙa, ya fito fuskarsa ta sauya, nan take ya tashi mahayi zuwa Sakkwato a kira likita. Amma ina Sakkwato ina Bungudu, ga gulabe a cike.

Babu wanda ya ambaci abin da ke ran kowa sai Tanko. Ya ce, "In Nasara ya mutu hannunmu, wa zai yarda ciwo ne? Kun manta abin da anka yi wa garin Satiru da sunka kashe Nasara?" Da azahar aka nemi 'yan alaro uku aka rasa. Kafin la'asar Tanko ma ya tafi ɗebo ruwa bai dawo ba. Na ɗauki tsummana zan bi su, Malam Isa ya riƙe mini hannu ya ce, "Wanda ya gudu shi ya amsa laifi. Kuma kai kowa ya ga ka hau tsamiyar nan." Ashe labarin ya riga ya shiga gari. Aka sa dogari ya zauna kusa da ni, wai don kada jama'a su taɓa ni. Aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka mai kyau, na kasa haɗiye ko loma. Duk lokacin da Bature ya yi shiru a ɗaki sai in ji igiya a wuyana.

Kwanakin da muka yi a haka ban iya ƙirga su ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, hakimi ya aiko da wata tsohuwa, Inna Kande, wadda aka sani da maganin shawara. Ta shigo da lefen magungunanta, ta ɗaga fatar idon Bature ba tsoro ba komai, ta ce, "Shawara ce ta haɗu da zazzaɓi. In dafa masa?"

Malam Isa ya ce, "A'a, Inna. In ya sha ya mutu, sammu za a ce. Da ke da mu duka."

Ta ce, "In bai sha ba ya mutu fa?"

Tana tattara kayanta za ta fita sai Bature ya buɗe ido. Ba mu ya kalla ba, lefen ya kalla. Ya miƙa hannu da ƙyar ya jawo wani ƙunshi kore shar. Huntu ce, ɗanya, da 'yan furanni farare ƙanana kamar ƙwayar gero. Tsohuwa ta tumɓuko ta da safe har da ƙasa, saiwarta na manne da saiwar wata ciyawa da ɗan ƙululun nan irin na tsada. Ya yi nuni a ba shi madubi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi wata dariya mara ƙarfi, ya yi magana.

Malam Isa ya ce, "Wai ita ce. 'Yar cikin gidan sandal ta ainihi."

Inna Kande ta ce, "Wane ne sandal?" Aka ɗauko mata guntun nan ta shinshina, ta shinshina huntu wadda ba ta da ƙamshin komai, ta ce, "Ashe tana da ɗan'uwa mai arziki haka, bai taɓa leƙo ta ba."

Bature ya tambayi abin da ake yi da ita. Aka ce maganin abin da ke damunsa ne. Ya ce a dafa. Malam Isa ya faɗi ya kama ƙafar gado, ya ce ba za a dafa ba sai an kira alƙali da liman sun ji da kunnensu. Aka kira su. A gabansu Bature ya faɗa sau biyu cewa shi ya nema da bakinsa, ya sa aka ware masa mafi kyawun tushe aka danne a takarda, sannan ya karɓi ƙoƙo ya shanye yana yamutsa fuska.

Bayan nan ya yi wani barci da ya fi kama da mutuwa. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon gwadon da ke ƙirjinsa, in ya ɗaga in yi numfashi, in ya daɗe bai ɗaga ba in ji fitsari na neman kufce mini. Sai da rana ta karkata gumi ya karyo masa, ya jiƙa shimfiɗa sharkaf. Ya farka ya ce a ba shi shayi.

Kada ku tambaye ni abin da ya tashe shi. Inna Kande ta ce huntu ce. Likitan da ya iso daga baya ya ce farin maganin ne. Liman ya ce kwana ne bai ƙare ba, ni kuwa a nan na tsaya. Aka ɗauki Bature a gado zuwa Sakkwato, akwatinsa na gaba. Kafin su tashi ya sa aka kira ni, ya miƙo mini hannu irin na gaisuwarsu. Na rasa yadda ake yi, na kama da hannu biyu. Malam Isa ya ce, "An sallame ka. Tafi gida."

Na biyo ayarin masu kanwa har Tsafe, gulbi ya janye, dutsen nan kuwa na zagaye shi ta nesa. Daga Tsafe na kama hanyar 'Yankuzo ni kaɗai da rana tsaka, na rame, gashi ya cika mini kai, rigata ta zama tsumma. A bakin rijiya na tarar da matan unguwarmu na ɗiban ruwa. Na yi sallama. Ɗaya ta ɗago, ta ƙwalla ƙara, ta saki guga cikin rijiya. Kafin in ce wani abu duk sun watse, tuluna na fashewa.

Ashe 'yan alaron da suka gudu sun biyo ta Tsafe sun ba da labari cewa Bature ya mutu, an rataye mai hawan itace a kasuwar Bungudu. An yi mini salla ba gawa, an yi sadakar uku da ta bakwai, Ladi ta shiga takaba.

Na isa ƙofar gida maza na zaune a kan tabarmin gaisuwa. Suka tashi da gudu, har da wanda ya ja mini sallar, ya bar takalmansa. Na tsaya a tsakar gida ni kaɗai ina cewa, "Ni ne, wallahi ni ne." Ladi ta leƙo daga ɗaki da zanen takaba ta koma ta danno ƙofa.

Inna ce ta fito. Ta tsaya nesa da ni tana kallon ƙafafuna, ta ga suna taka ƙasa. Ta juya ta shiga madafa, ta fito da ƙwaryar tuwon da aka yi don masu gaisuwar mutuwata, ta ajiye a ƙasa ta tura mini da taɓarya.

Ta ce, "In kai ne, ci."

Na tsuguna na ci. Tana tsaye tana kallo har na kai loma ta ƙarshe na suɗe hannu. Sannan ta yar da taɓaryar, ta zauna daɓas a ƙasa, ta fashe da kukan da aka ce tun da labarin ya zo ba ta yi ba.